Murya a Matsayin Sashen Jigo: Nazarin Faifan *Nilsson Sings Newman*

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci faifan *Nilsson Sings Newman*, wanda kamfanin RCA ya fitar a Amurka a watan Fabrairu na 1970. Faifan ya ƙunshi waƙoƙi 10 da Randy Newman ya rubuta kuma ya kaɗa musu fiyano, Harry Nilsson ya rera. Manufar nazarin ita ce gano abin da ke samun jigon waƙa idan wanda ya rera ta ba shi ne ya tsara ta ba. An bi hanyar sauraro da kwatance, wato an saurari kowace waƙa a bakin Nilsson, sannan aka gwada ta da yadda Newman ya rera ta da kansa a wuraren da ya yi hakan. Nazarin ya gano cewa zaƙin muryar Nilsson ya mayar da gugar zanar Newman tausayi a mafi yawan waƙoƙin, ya kuma kusa shafe ta gaba ɗaya a waƙa guda. Maƙalar ta kawo wannan a matsayin hujjar cewa jigon da aka fitar daga takarda kaɗai jigo ne wanda bai cika ba.

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya tashi a sashen Hausa ya san matakin farko na nazarin waƙa. Za a samo ta, a juye ta a takarda, a lambata baitocinta ko ɗiyanta, sannan a shiga fitar da jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salo da sarrafa harshe. Hanya ce da ta yi mana rana, kuma ayyukan Abdulƙadir Ɗangambo a kan feɗe rubutacciyar waƙa da na Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka su ne suka share ta. Gusau ma bai bar kiɗa da rauji da amshi a baya ba. Sai dai a aikace, musamman a kundayenmu na neman digiri, da zarar waƙa ta hau takarda sai muryar da ta ɗauko ta ta zama kamar jakar da aka kawo saƙo a ciki. An karɓi saƙo, an jingine jaka.

Kowa ya san abin ba haka yake ba. Wanda ya karanta *Imfiraji* ta Aliyu Namangi a littafi, sannan ya ji makaho yana rera ta a bakin kasuwa, ya san baitocin ba su canza ba amma abin da ya shiga zuciyarsa ya canza. Wahalar ita ce tabbatar da wannan ta hanyar da za a iya nunawa. Ana buƙatar misali inda kalmomi suke ɗaya, karin waƙa ɗaya, har makaɗin ma ɗaya, murya ce kawai ta bambanta, kuma an naɗi duka muryoyin biyu ta yadda mai nazari zai saurara ya maimaita.

Dalilin zaɓen wannan faifai na Amurka ke nan a mujallar da ta saba da Shata da Narambaɗa. Aƙalla 8 daga cikin waƙoƙinsa 10 suna nan a muryar marubucinsu a wasu fayafayan, kuma shi marubucin ne ke zaune a kan fiyano a wannan. Ba a kawo baitocin waƙoƙin a nan ba, an dai bayyana abin da suka ƙunsa. Faifan duka bai wuce kimanin minti 25 ba, mai son bin hujjojin zai iya saurarensa a zama ɗaya.

2.0 Marubucin da Mawaƙin

An haifi Randy Newman a Los Anjelas a 1943, a gidan da kiɗa ya zama gado. 'Yan'uwan mahaifinsa uku, Alfred da Lionel da Emil Newman, sanannun masu tsara kiɗan finafinai ne a Holiwud. Ya yi wani sashe na ƙuruciyarsa a birnin Niyu Olins, kuma ana jin tasirin kiɗan wannan birni a hannunsa da lafazinsa. Tun yana matashi ya shiga sana'ar rubuta wa wasu waƙa a kan albashi. Judy Collins ta rera tasa a 1966, Alan Price ya yi kasuwa da wata a Ingila a 1967. Da ya fitar da faifansa na farko a 1968, wanda ya lulluɓe da kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa, sai kasuwa ta juya masa baya. Muryarsa tana da kaushi, yana jan kalma yana haɗiye ƙarshenta, kamar mai magana da gefen baki.

Harry Nilsson kuwa an haife shi a unguwar Buruklin ta birnin Niyok a 1941. Ya yi shekaru yana aikin dare a sashen kwamfuta na wani banki a Los Anjelas, da rana yana yawon tallar waƙoƙinsa. A 1968 John Lennon da Paul McCartney suka ambace shi a gaban 'yan jarida a matsayin gwaninsu daga Amurka. A 1969 muryarsa ta game duniya ta hanyar waƙar *Everybody's Talkin'* ta Fred Neil, wadda aka sa a fim ɗin *Midnight Cowboy*, har ta jawo masa lambar Grammy. Murya ce mai faɗi da tsabta, tana hawa sama ba tare da alamar wahala ba. Abin lura shi ne Nilsson shi ma marubucin waƙa ne na gaske. Waƙarsa mai suna *One* ta yi tashe a bakin ƙungiyar Three Dog Night a wannan shekara ta 1969. Saboda haka ba rashin abin rerawa ya kai shi wurin Newman ba. Ya riga ya rufe faifansa mai suna *Harry* na 1969 da wata waƙar Newman, daga nan ya yanke shawarar ba da faifai sukutum ga mutumin da jama'a ba su san fuskarsa ba.

Wannan shawara ta saɓa wa zamaninta. Kafin shekarun 1960, rabon aiki tsakanin mai rubutawa da mai rerawa shi ne al'ada a waƙar Amurka, kuma Ella Fitzgerald ta yi jerin fayafayai tun daga 1956 tana keɓe kowanne ga marubuci ɗaya ko abokan rubutu biyu. Zuwan Bob Dylan da ƙungiyar Beatles ya sauya ma'auni, aka koma ganin mawaƙin kirki shi ne mai rera abin da ya fito daga cikinsa. Kiɗa kuma ya yi ƙara, jitar lantarki ta mamaye fage. A watan Agusta na 1969, watan da dubban ɗaruruwan matasa suka taru a bikin Woodstock, waɗannan mutum biyu suka shiga ɗakin naɗar sauti da fiyano guda. Abin da suka fito da shi yana cikin rukunin da ake kira kiɗan pop mai taushi, wato wanda ya fifita karin waƙa da haɗin muryoyi a kan bugu da ƙara.

3.0 Jagora Shi ne 'Yan Amshi

An fara da naɗar fiyanon Newman tare da muryar Nilsson ta farko. Daga nan Newman ya gama nasa, Nilsson ya zauna makonni shi da injiniyan sauti yana ɗora murya a kan murya, layi bayan layi. An ruwaito cewa akwai waƙar da aka yi wa irin wannan ɗori har sau 118. Sauran kayan kiɗa kaɗan ne, ɗan bugun ganga nan, kacau-kacau can, da wasu na'urori masu madannai. Duk wata murya da ake ji tana rera waƙa a faifan, ta sama da ta ƙasa, mai jan baiti da mai karɓa, ta mutum ɗaya ce.

A nan ne kayan aikin nazarin waƙar baka suke da abin faɗi. A wurin makaɗin fada, 'yan amshi mutane ne daban da jagora. Idan ya ɗauko magana suka karɓa, ko suka yi masa ƙari, ko aka shiga karɓeɓeniya, mai sauraro yana jin cewa maganar ta sami shaidu, ba ta mutum ɗaya ba ce. Amshi tabbatarwa ce ta jama'a. To, me zai faru idan jagora ya waiga bayansa ya tarar duk 'yan amshin shi ne?

Amsar tana cikin waƙar *Living Without You*. Mai magana a cikinta mutum ne da gari ya waye masa a cikin babban birni, kowa ya kama harkarsa, shi kuwa ba shi da dalilin tashi tun da wadda yake so ta tafi. A faifan Newman na 1968 mutum ɗaya ake ji yana kukan kaɗaici. A bakin Nilsson, idan aka zo amshi sai muryoyi su taso su kewaye shi kamar masu jaje, amma kunne yana gane cewa duk launinsu ɗaya ne. Ɗakin ya cika da mutane, kuma babu kowa a cikinsa sai shi. Wannan ma'ana ba ta cikin kalmomin, ba za a same ta a takarda ba ko an kwana ana nema. Haka abin yake a *I'll Be Home*, inda mai magana yake alkawarin cewa duk inda masoyiyarsa ta yawata za ta dawo ta same shi a gida. An gina amshinta bisa salon kira da amsawa na waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka, salon da asalinsa na taron jama'a ne. Mutumin da ke zaman jira shi kaɗai ya zama limamin kansa da mabiyan kansa.

Hoton bangon faifan, wanda Dean Torrence ya zana, ya nuna Nilsson yana tuƙa wata tsohuwar mota, Newman yana zaune a kujerar baya. Ban san wani taƙaitaccen sharhi da ya fi wannan zane dacewa da aikin ba.

4.0 Aron Baki

Kafin a shiga sauran waƙoƙin, dole a fahimci dabarar da Newman ya shahara da ita. Ba kasafai yake magana da bakinsa ba. Yakan ƙirƙiri mutum, sau da yawa mai gajeren tunani ko mai son kai ko mai wariya, ya bar shi ya yi ta magana har ya tona wa kansa asiri. Mun saba cewa an ari bakin wani an ci masa albasa. Newman yakan ari bakin ne ya bar mai bakin da warin.

Wannan ya bambanta da zambo. A zambo mawaƙi yana tsaye a wurinsa yana jifan wani. A nan wanda ake jifa shi ne mai maganar kansa. Ya fi kusa da abin da 'yan kama suke yi idan suka kwaikwayi karatun malamai suka mayar da shi zancen tuwo da miya. Amma ɗan kama yana gaban jama'a, ana ganin fuskarsa da shigarsa, ba mai ɗaukar sa malami. A faifai babu fuska. Murya ce kaɗai za ta ƙyafta wa mai sauraro ido, kuma muryar Newman, da kaushinta da jan kalmarta, kullum cikin ƙyafta ido take. Ta Nilsson ba ta yi. Tana rera kowace kalma kamar ta yarda da ita.

4.1 Ɗa da Uba

Waƙa ta biyu a faifan, *Love Story*, saurayi ne yake tsara wa budurwarsa rayuwarsu tun daga aure. Yana son danginta, za su haifi ɗa, za su riƙa zama a gida da dare, wani lokaci su fita rawa. Buri ne ƙanana, kuma yana jero su da murna. Bai tsaya ba sai da ya kai ga tsufa, inda ya ce 'ya'yansu za su kai su gidan tsofaffi a jihar Fulorida, su yini suna wani wasa mai kama da dara har mutuwa ta zo. Da wannan murnar ya faɗi na ƙarshen, kamar shi ma wani abin ɗoki ne.

Idan Newman ya rera ta, mai sauraro yana tsaye tare da marubuci suna kallon saurayin daga nesa, suna murmushin ƙanƙantar mafarkinsa. Jigon a nan shi ne ba'a ga rayuwar matsakaitan Amurkawa, wadda aka auna aka yanke tun kafin a fara ta. Idan Nilsson ya rera ta, nesantar nan ta tafi. Saurayin ya zama mai gaskiya, soyayyarsa ta zama abin yarda, kuma saboda haka baitin ƙarshe ya daina ba da dariya. Mutum ne da ya hango ƙarshensa sarai, ya ga babu yawa a ciki, ya ce ya isa matuƙar da ita za a yi. Wanda ya fitar da jigo daga takarda zai rubuta ɗaya daga cikin biyun nan, ya ɗauka ya gama.

Waƙar da ta rufe faifan, *So Long Dad*, ita ce ɗaya fuskar wannan labari. Ɗa ne ya dawo unguwarsu bayan ya daɗe, ya ga ta tsufa ta ƙanƙance a idonsa. Ya gaishe da mahaifinsa da fara'a, ya tambaye shi ko har yanzu yana nan a ɗan aikinsa na da, ya nuna masa cewa shi ba zama ya zo yi ba. Ya gayyace shi ya riƙa kawo musu ziyara, sannan ya ƙara da sharaɗin ya bugo waya kafin ya zo. Wannan sharaɗi shi ne wuƙar waƙar. Ba a ji muryar uban ko sau ɗaya ba.

Dukkan waƙoƙin biyu suna cikin faifan Newman na 1968, amma a nan an ajiye ɗaya kusa da farko, ɗaya a ƙarshe, ta yadda saurayin da ya yi hasashen 'ya'yansa za su kawar da shi ya dawo a matsayin ɗan da ke kawar da ubansa. A waƙar ƙarshen zaƙin murya ya yi aiki ta wata hanya dabam. Bai sa an tausaya wa ɗan ba, ya dai sa an gane cewa bai san yana yanka ba. A bakin Newman ɗan yana da ɗan wayo, kamar ya san abin da yake yi. A bakin Nilsson yaron kirki ne mai ladabi wanda zai koma gida yana ganin ya sauke hakkin uba. A ganina wannan ya fi ciwo, ya kuma fi kama da yadda irin wannan abu yake faruwa tsakanin mutane.

4.2 Inda Zaƙi Ya Zama Haɗari

Ba ko'ina haɗin ya yi nasara ba. *Yellow Man* waƙa ce da Newman ya ari bakin Ba'amurke wanda bai san komai game da mutanen gabashin Asiya ba sai abin da tsofaffin finafinai suka nuna masa. Yana bayyana su da launin fata, da cin shinkafa, da riƙon kuɗi, yana yi yana jin kansa mai adalci domin ya yarda su ma suna da iyali kamar kowa. Kiɗan ma kwaikwayo ne na irin amon da Holiwud ta saba sa wa duk abin da ta kira na Sin. An fitar da waƙar a lokacin da sojojin Amurka suke yaƙi a Biyetnam. Newman ya sa ta a faifansa na biyu, *12 Songs*, a wannan shekara ta 1970, kuma a can ba a shakkar wanda ake yi wa dariya.

Ranar da na fara jin ta a bakin Nilsson, ban san tarihin marubucin ba, na ɗauka waƙar yara ce. Sai da na koma ga kalmomin na gane abin da nake kaɗa kai a kansa. Ana iya kare Nilsson a ce ai haka wariyar take zuwa a tsofaffin waƙoƙin nishaɗi na Amurka, cikin zaƙi da fara'a, don haka rera ta da kyau shi ne cikar kwaikwayo. Hujja ce mai ƙarfi, amma tana aiki ne ga wanda ya riga ya san wasan. Wanda bai sani ba, musamman mu da Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare mu, babu abin da zai tsayar da shi ya ce a sake duba maganar nan. Dabarar da ta zurfafa *Love Story* ita ce ta kusa wanke wannan waƙa daga manufarta.

Newman kansa bai tsira daga wannan haɗari ba ko da muryarsa. A 1972 ya ari bakin mai fataucin bayi yana yaudarar 'yan Afirka da daɗin Amurka a waƙar *Sail Away*. A 1977 waƙarsa *Short People*, wadda ta yi wa masu ƙyamar mutane ba dalili ba'a, ta jawo masa fushin waɗanda suka ɗauka gajeru yake zagi. Idan mai ƙyafta ido ma an kasa gane shi, ina ga wanda ba ya ƙyaftawa?

4.3 Sauran Waƙoƙin

*Cowboy* ta fara da murya tsura da kukan iska. Makiyayin shanun yammacin Amurka ne ya tsinci kansa a tsakiyar gine-gine, filin da ya sani ya ƙare, ba wurin gudu kuma ƙarfin faɗa ya tafi. A nan babu gugar zana da za a ɓata, kuma ita ce waƙar da muryar Nilsson ta fi samun fili. A ƙarshenta sai aka sako karin kiɗan da John Barry ya tsara wa fim ɗin *Midnight Cowboy*, wato Nilsson yana tuna wa mai sauraro fim ɗin da ya ɗaukaka shi.

*Dayton, Ohio 1903* begen zamanin da ya wuce ne, lokacin da iska take da tsabta, maƙwabci yake gayyatar maƙwabci shan shayi da yammacin Lahadi. Waƙar ba ta ambaci cewa Dayton garin 'yan'uwan nan biyu ne, Wilbur da Orville Wright, ba, waɗanda suka tashi jirgin sama a watan Disamba na wannan shekara ta 1903. Mai magana yana yabon natsuwar duniya a daidai gari da shekarar da aka fara rushe ta. Nilsson ya rera ta a hankali ƙwarai, kamar mai gudun kada ya tashi barci.

*The Beehive State* ba'a ce ga 'yan majalisa, inda wakilin jihar Yuta yake kukan cewa ƙasar ba ta ma san da jiharsa ba. Ita ce mafi ƙarancin nauyi. *Caroline* kuwa an rubuta ta ne musamman domin wannan faifai, kuma ita kaɗai ce waƙar soyayya miƙaƙƙiya wadda ba ta da ƙasan tukunya na biyu. Ana iya fahimtar cewa marubucin ya san irin muryar da yake rubuta wa.

5.0 Inda Gugar Zanar Ta Koma

Da an tsaya a nan, sai a ce Nilsson ya cire wa Newman haƙora ne kawai. Amma akwai wani abu da ya yi wanda ya mayar da nesantar da muryarsa ta kawar, ta wata ƙofa.

Waƙar farko, *Vine St.*, wadda Van Dyke Parks ya riga ya rera a 1967, ta fara ne da guntun wata waƙa mai sauri da hayaniya. Kwatsam sai ta yanke, fiyano ya shigo, mai magana ya bayyana cewa abin da aka ji wani tsohon naɗi ne da shi da abokansa suka yi bai karɓu ba, shi ma ba shi ne babba a cikinsu ba, kuma bai san inda sauran suke yanzu ba. Tun daga minti na farko an sanar da mai sauraro cewa faifai yake ji, abin da aka ƙera da hannu.

Nilsson ya ci gaba da wannan tunatarwa. A wurare da dama ya bar maganganunsa da injiniya a cikin naɗin, abin da aka saba gogewa. A ƙarshen *So Long Dad*, daidai lokacin da waƙar ta fi taɓa zuciya, ana jin sa yana neman a ƙara ƙarfin muryar farko, sai wata muryar tasa ta katse ta ce a manta da waccan, ita za a ƙara. Mutum yana gardama da kansa a kan wace muryarsa ce ta gaskiya, a faifan da duk muryoyin nasa ne kuma duk kalmomin na wani ne. Ƙyafta idon da Newman yake yi da maƙogwaro, Nilsson ya yi shi da na'urar naɗi. Mai nazarin da ya juye waƙar a takarda zai tsallake waɗannan maganganu domin ba sa cikin baiti, ko ya ɗauke su kuskuren situdiyo. Tambayar da wannan ya bar mana a namu fagen ita ce me muke yi da tari, da dariya, da gyaran murya, da maganar da jagora yake jefa wa makaɗansa a tsakiyar waƙa, waɗanda mukan share idan muna juyar kaset.

6.0 Bayan Fitowar Faifan

Mujallar *Stereo Review* ta ba faifan lambar yabo ta shekara, masu sharhi suka yaba, masu saye suka ƙi zuwa. Nilsson ba ya yawon wasa a gaban jama'a, kuma ko da yana yi, ba yadda mutum ɗaya zai tsaya a dandali ya zama muryoyi goma. A shekarar ce dai ƙungiyar Three Dog Night ta kai wata waƙar Newman, *Mama Told Me Not to Come*, matsayi na ɗaya a Amurka, da bugu da ƙara irin na zamanin.

Nilsson ya sami babbar kasuwarsa da faifan *Nilsson Schmilsson* na 1971, wanda ya ƙunshi *Without You*, ita ma waƙar wasu ce, Pete Ham da Tom Evans na ƙungiyar Badfinger. Newman ya ci gaba da rera nasa, daga baya ya koma sana'ar gidansu ta kiɗan fim, inda yaran duniya suka san muryarsa ta hanyar *Toy Story* a 1995. Ba su sake yin faifai tare ba.

Nilsson ya rasu ranar 15 ga Janairu, 1994, yana da shekara 52. A 1995 mawaƙa suka haɗu suka fitar da faifan tunawa da shi, kowa ya ɗauki waƙarsa guda. Newman ya ɗauki *Remember*, ɗaya daga cikin mafi taushin abin da Nilsson ya rubuta, ya rera ta a kan fiyano da muryar nan tasa mai kaushi, wannan karon shi ne a gaban motar.